Gurbin Hoton Kawu

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi kowa zai koma, sai dai wani ya riga wani. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu ranar wata Talata da hantsi, a wani asibiti kusa da Woolwich a London, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Da takardun hukuma suka fito muka yi masa sutura, muka koma gidansa a Thamesmead, muka ture kujerun falonsa gefe, muka shimfiɗa darduma, muka zauna karɓar gaisuwa a ƙarƙashin kantocin littattafansa.

Wadda ta fara shigowa maƙwabciyarsa ce, wata dattijuwa 'yar Filato da ke zuwa coci a Plumstead. Ta ajiye tukunyar gwate a kicin, ta tsaya a bakin falo tana share ido da gefen zani, ta ce, "Baba Farfesa ya tafi? To yanzu wa zai riƙa buga mini ƙofa yana faɗa idan na ƙi fita jefa ƙuri'a?"

Bayanta tsofaffin ɗalibansa suka riƙa zuwa, waɗanda ya koyar a jami'a can gida kafin ya dawo London. Duk sun yi furfura, wasu lauyoyi ne, wasu ma'aikatan gwamnati da suka zo kwas. Ɗaya ya ce Kawu ya taɓa kayar da shi a jarrabawa don ya ambaci littafin da bai karanta ba, ya faɗa yana dariya, hawaye na zuba. Waɗannan gaisuwarsu ta sanyaya mana rai.

Sai kuma wasu da ban taɓa ganin takalmansu a ƙofar gidan ba. Suka shigo da manyan riguna da ƙamshin turare, suka yi "Allah ya jiƙansa" cikin sauri kamar masu biyan kuɗin bas, sannan kowannensu ya sunkuyo kusa da kunnena ya yi tambayar da ta kawo shi: "Onarabul ya iso kuwa?"

Onarabul shi ne ɗan farin Kawu, taubashina ke nan, tunda ni ɗan mace ne shi ɗan namiji. Ya tafi Amurka karatu, ya zauna, ya shiga siyasa. Ya fara da hukumar makarantu ta gundumarsu, ya zama kansila, ya shiga majalisar dokokin wata jiha a tsakiyar ƙasar, yanzu kuma yana neman kujerar majalisar tarayya. Bai sami jana'iza ba, an ce ana kaɗa ƙuri'a a majalisarsu. Ban riƙe shi da wannan ba, gawa ba ta jiran jirgi.

Abin da na riƙe shi da shi ya zo ne ta wayar ɗaya daga cikin masu manyan rigunan. Ofishin Onarabul ya fitar da sanarwa cewa ya rasa mahaifinsa, wani makiyayi da bai taɓa zama a aji ba, wanda bai iya rubuta sunansa ba, amma ya koya wa ɗansa gaskiya a bayan shanu. Wayar ta zaga falo daga hannu zuwa hannu. Na jira in ji wani ya yi salati. Mai wayar ya ce, "Siyasa ce, Malam, can haka ake yi. Dole sai kana da labari." Na kusa da shi ya ce, "Wallahi dabara ce. Allah ya sa ya ci, mu ma mu sami na kanmu a can." Wasu suka ce amin. A saman kawunansu, a bango, hoton Kawu ne cikin rigar jami'a da hularta, ranar da ya karɓi digirinsa na uku a Amurkar nan da ake gaya wa bai iya rubuta sunansa ba.

Kiwo ba abin kunya ba ne. Kakanmu da shanu ya rayu, kuma Kawu ya bi su da sanda lokacin hutun makaranta, yana alfahari da hakan. Abin kunya shi ne a ɗauki ran mutum gaba ɗaya, da duk abin da ya karanta ya koyar, a yanke, a jefar, a bar guntun da zai sayu. Shi ya sa nake wannan rubutu. Ina tsoron kada sanarwar nan ta zama magana ta ƙarshe a kan Kawu.

Malamin kimiyyar siyasa ne, kuma tsarin mulkin Amurka ne fanninsa. Sai dai shugabannin ƙasa ba su cika burge shi ba, yakan ce su kowa na kallonsu, dole su yi ado. Hankalinsa yana wajen ƙananan jami'ai: akawun gunduma mai tsaron akwatin zaɓe, alƙalin ƙaramin gari, ɗan hukumar makarantu, irin mutanen da za su yi aiki har su yi ritaya ba a san fuskarsu ba. Akwai labari guda da duk wanda ya sha shayi a gidan ya haddace. A garin da Kawu ya yi karatu, magajin garin ya daɗe a kan kujera, aka yi zaɓe ya faɗi. Washegari da safe Kawu ya shiga wani shagon kayan gini zai sayi kwado don ƙofar ɗakinsa, sai ga mutumin a bayan kanta, ya ɗaura ƙyallen aiki a ƙugu. Ya tambayi kaurin ƙofar, ya zaɓo kwado, ya gwada makullin a gabansa. Kawu ya yi masa jaje. Mutumin ya ce babu komai, mutane ne suka ba shi aron aiki, sun kuma karɓi abinsu. Kwadon nan ya bi Kawu daga Amurka zuwa gida, daga gida zuwa London, yana kan teburinsa yana danne takardu da shi.

Duk safiyar da ta biyo bayan wani zaɓe a Amurka, za ka same shi da kofin shayi da rediyo. Ba jawabin wanda ya ci yake jira ba. "Yi shiru, ɗan ƙanwata," yakan ce, "wanda ya sha kaye zai yi magana. Na nasara kowa ya iya." Idan mutumin ya taya abokin takararsa murna ba tare da ƙunƙuni ba, sai Kawu ya gyaɗa kai ya ƙara sukari. Idan ya tsaya kame-kame, sai ya kashe rediyon ya ce, "Wannan ba shi da shagon komawa."

Bai ɗauki Amurka aljanna ba. An taɓa hana shi hayar ɗaki a can saboda launin fatarsa, bai kuma manta ba. Ya san cututtukan 'yan siyasarta ɗaya bayan ɗaya, kuma wadda ta fi ba shi dariya ita ce son a ce an haife ka a bukka. "Ka ga attajiri ya hau mumbari yana laluben talaucin da zai ara," in ji shi. "Idan babu a gidansu, sai ya leƙa na kakansa." Mun yi dariyar wannan magana sau da yawa a falon nan. Yanzu idan na tuna ta sai bakina ya yi ɗaci.

Kawu da matarsa, wadda muke kira Inna, mutanen zamanin da ne wajen kunyar ɗan fari. Tun da aka haifi Onarabul babu wanda ya taɓa jin ɗayansu ya kira sunansa, ko ya yabe shi a gaban mutane, ko ya yi masa faɗa kai tsaye. "Wancan na Amurka" shi ne sunansa a gidan. Wanda bai san al'adar ba zai ɗauka ƙiyayya ce, alhali ƙauna ce da ta yi nauyin da baki ba ya iya ɗauka. Ranar da labari ya zo cewa ya ci kujerar hukumar makarantu, Kawu ya sa ni na raka shi Peckham, ya sayo tsire da lemo jaka guda, ya bi maƙwabta yana rabawa. 'Yar Filato ta tambaye shi dalili. Ya ce, "Rana ce ta fito yau, ba kullum take fitowa ba." A cikin bas muna dawowa ya ce da ni, yana kallon taga, "Hukumar makarantu. Aikin gaske ke nan. Ba a tafa wa mutum a can."

Makiyayin ya bayyana ne lokacin takarar majalisar jiha. Ni na nuna wa Kawu tallar takarar a wayata wata ranar Asabar bayan azahar, don na ga gara ya gani a hannuna da ya ji a bakin wani. Ga taubashina tsaye a wata gona, ya riƙe sanda irin riƙon wanda ke tsoron za ta sare shi, yana ba da labarin uban da bai san baƙi ba. Kawu ya gyara tabarau, ya ce in sake kunnawa. Da ta ƙare ya ce, "Turancinsa ya yi kyau." Can kuma ya ce, "Kai taubashinsa ne, bakinka ya fi nawa 'yanci. Ka tambaye shi ko shanun suna lafiya."

Na kira shi. Tsakanin taubasai babu maganar da ba a faɗa, in dai an naɗe ta da wasa.

Na ce, "Ɗan makiyayi, an ce in tambaye ka ina ka baro garken."

Ya yi dariya sosai. "Haba ɗan Gwaggo! Baba bai yi kiwo ba? Ƙarya na yi?"

"Da hutun makaranta."

"To ai ban ce ba da hutu ba."

"Ka ce bai iya rubuta sunansa ba. Mutumin da ya gyara maka Turancin takardar neman jami'a."

"Ka ji, ba ka san wurin nan ba. A gundumata idan ka ce ubanka farfesa ne, an yi cancel ɗinka, an yi watsi da kai kafin ka buɗe baki. Masu ba ni shawara sun tara mutane a ɗaki sun gwada labari biyu, na farfesa da na makiyayi. Na makiyayin ne ya shiga. Baba ya fi kowa sanin yadda ake yi, ai shi ya koyar da abin."

Sun tara mutane a ɗaki sun ɗanɗana Kawu kamar miya, sun ce wannan gishirinta bai ji ba, a kawo ɗayar. Ban gaya wa Kawu wannan ba. Na ce masa an ce shanu suna gaishe shi. Bai yi dariya ba.

Ƙaryar ta zauna lafiya domin Kawu da sunan garinmu ya yi rubuce-rubucensa, ɗansa kuwa da sunan uba yake amfani, babu mai haɗa su. Amma da aka fara takarar majalisar tarayya, wata 'yar jarida daga jihar ta ji ƙishin-ƙishin, ta nemo lambar gidan. Ina nan ranar, na kawo masa magani daga kemis. Kawu ya ɗauki wayar, kuma da yake kunnensa ya yi nauyi muryar tana fitowa har inda nake. Matar ta gaishe shi da ladabi, ta tambaya ko shi ne mahaifin ɗan majalisa wane, ta ce tana so ta ji rayuwarsa ta kiwo, kuma ko gaskiya ne ya taɓa koyarwa a jami'a.

Na ga leɓensa ya motsa, amsar ta riga ta shirya, da irin Turancin nan nasa mai tsafta da ɗalibai ke kwaikwaya. Sai ya rufe ido. Da ya buɗe baki, wata murya ce ta fito wadda ban taɓa ji ba, muryar tsohon da ya shigo birni yau.

"Iye? 'Yar nan, ba na jin Turanci. Babu Turanci. Sai Hausa."

Matar ta sake tambaya a hankali, da ƙarfi, yadda ake yi wa yaro. Ya maimaita. Ta yi godiya ta ajiye. Kawu ya tashi ya shiga kicin, na ji ya buɗe famfo yana kurkure baki, ya daɗe yana yi.

A ranar muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba, ba mu kuma sake ba. Na ce, "Kawu, yau kai da kanka ka sa wa ƙaryar nan hannu. Duk abin da ka koya mana fa?"

"Ka rage murya a gidana."

"Da ka ce mata e kawai, da an gama."

"Da an gama da shi, kake nufi. Da gobe yana cikin jarida ana dariya." Ya zauna, ya cire tabarau. "Kai ma uba ne. Ranar da baƙuwa ta kira ka ta ce ka kayar mata da ɗanka, ka zo ka gaya mini abin da ka amsa. Ban ce daidai na yi ba. Na ce na yi."

Na sha juya abin a raina: alheri ne ya yi, ko rauni? Ina ganin duka biyun ne, kuma ya san haka, shi ya sa ya kurkure baki. Abin da na tabbatar shi ne abin ya ci shi. Da na dawo mako na gaba, kwadon ba ya kan tebur, yana cikin aljihun teburin. Ranar zaɓen Birtaniya bai fasa sa babbar riga yana buga ƙofofin maƙwabta ba, amma na Amurka ya rufe shi. Idan labarinsu ya zo a rediyo sai ya murɗa zuwa hasashen yanayi.

Onarabul ya iso washegarin addu'ar uku, tare da wata Baturiya mataimakiyarsa da wani mai kyamara. Masu manyan riguna suka dawo kafin ya gama cire takalmi. Ya rungume ni ya yi kuka, kuma kukan gaske ne. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a lamarinsa: yana son ubansa. Da ba ya sonsa da abin ya fi sauƙin fahimta.

Bayan an shafa fatiha, mataimakiyar ta ɗaga kai ta bi bango da kallo, ta raɗa masa magana. Suna son ɗan gajeren bidiyo, shi zaune a kan darduma kusa da mahaifiyarsa. Inna tana bakin ƙofar ɗakinta cikin farin mayafi. Ba ta dube shi ba, ni ta duba, kamar yadda ta saba.

"Ka gaya wa ɗan'uwanka ina takaba. Ba na hoto."

Aka ce to, shi kaɗai. Mai kyamara ya ce littattafan ba matsala, zai karkata yadda ba za su fito ba. Hoton bango ne dai babu yadda zai kauce masa. Na gwada makamin da ya rage mini. Na ce, "Onarabul, makiyayin naka ga shi da rigar jami'a. Ko ita ma aro ya yi?" Babu wanda ya yi dariya. Masu manyan riguna suka shiga duba wayoyinsu.

Ya ce, "Ɗan lokaci ne kawai, ɗan Gwaggo. Yanzu za a mayar."

Ya jawo kujerar da Kawu ke karatu a kai, ya taka ta da safa, ya miƙa hannu ya sauke hoton, ya jingina shi a ƙasa fuskarsa na kallon bango.

A nan ne Inna ta kira sunansa. Sunan yanka, cikakke, a gaban mutane, da murya a kwance. Na haura hamsin a duniya ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Tsohon ɗalibin nan da aka kayar a jarrabawa ya dafe kai. Duk Bahaushen da ke wurin ya san abin da ya faru: kunyar da ta riƙe masa tun yana cikin tsumma, yau ta sauke ta, ta mayar da shi kamar kowane mutum da ake kira da suna. Mataimakiyar kuwa ta dafe ƙirji tana murmushi, ta ce yadda uwa ke kiran ɗanta abu ne mai taɓa zuciya, ko za ta sake faɗa a ɗauka.

Inna ta ce, "Idan kun gama, ka ja mana ƙofa." Ta shige ɗaki.

Yana tsaye da hannu ɗaya a kan kujerar. Ya fahimta, na gani a fuskarsa, Amurka ba ta cire masa wannan ba. Ya dubi hoton da ke ƙasa, ya dubi ƙofar ɗakin, kuma na rantse na ɗauka zai sunkuya ya ɗauka. Sai mai kyamara ya ce haske yana tafiya. Taubashina ya gyara hula, ya zauna a kan darduma, ya ɗaga tafin hannuwa sama.

Bidiyon ya fito kafin jirginsu ya sauka. An ce ya shiga mutane sosai. Na kalla sau ɗaya. A bayan kansa, a bango, akwai wuri mai kusurwa huɗu da fentinsa ya fi sauran haske, da ƙusa a samansa. Masu zaɓensa ba za su lura ba.

Na tambayi kaina ko ina da ikon tona abin da Kawu ya rufe da bakinsa. Ba ni da shi, shi ya sa babu suna ko ɗaya a nan, kuma da Hausa na rubuta, harshen da ya ɓuya a cikinsa ranar da 'yar jarida ta kira. Mai yiwuwa tsoro ne nake kira biyayya. Amma ko ba komai, waɗanda ke jin harshen nan su sani: mutumin ya iya rubuta sunansa. Ya koya wa mutane da yawa yadda ake riƙe amanar jama'a da yadda ake mayar da ita, kuma ɗalibi ɗaya da ya fi so ya koya shi ne bai koya ba.

Da suka ja ƙofa ranar, na ɗauki hoton na goge ƙurar gilashinsa da hannun rigata. Ban taka kujerar ba, na ɗauko tsani daga kicin. Ina laluben ƙusa sai na ji Inna a bayana.

"Ɗaga dama kaɗan. A'a, ya yi yawa. Haka." Ta tsaya tana kallonsa. "Malam ba ya son abu a karkace."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa amsar da ya bayar a waya don ɗansa, ya karɓe shi da sunansa na gaskiya. Ya ba Inna haƙuri, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.